Na ɗauka likita ce, ashe malamar makaranta ce

A farkon 2020, lokacin da korona ta kulle duniya, babu sunan da na yawaita ambata kamar na K. K. Shailaja, ministar lafiya ta jihar Kerala da ke kudancin Indiya. A jiharta aka fara samun mai ɗauke da cutar a duk faɗin ƙasar, ranar 30 ga Janairu, wata ɗaliba da ta dawo daga Wuhan. Duk da haka a watannin farko Kerala ta taka wa cutar birki, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ministar a watan Yuni. Ni kuwa duk majalisar da na zauna sai na ce, kun ga amfanin ba likita ma'aikatar lafiya. Ban bincika ba. Na ga aiki ya yi kyau, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa likita ce.

Ƙanwata ce ta gyara mini. Malamar firamare ce, kuma can baya ta taɓa zuwa neman shawarata domin matan unguwa sun matsa mata ta fito takarar kansila. Amsar da na ba ta ita ce, "Ke da alli kika saba, siyasa ba ajin yara ba ce." Ta yi shiru, ta janye. Ranar da na sake yabon "likitar Kerala" a gabanta, sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, duba nan. Ai malamar makaranta ce kamar ni." Ba ta ƙara komai ba, ni ma na rasa ta cewa.

Da na zauna na bi tarihin matar, sai kunya ta ƙara kama ni. An haifi Shailaja a 1956 a gundumar Kannur. Kimiyya ta koyar a makarantar sakandare ta Sivapuram, kuma ba ta ajiye alli ba sai 2004. Ta shiga siyasa tun tana ɗaliba, ta bi ta ƙungiyar matasa da ta mata ta jam'iyyar kwaminisanci mai ƙarfi a Kerala. A 1996 mazaɓar Kuthuparamba ta tura ta majalisar dokokin jiha. A 2006 ta ci kujerar Peravoor, a 2011 ta sha kaye a can, a 2016 ta koma Kuthuparamba ta yi nasara, sannan aka ba ta ma'aikatar lafiya. Shekara ashirin ke nan tsakanin shigarta majalisa da zamanta minista, tana hawa tana sauka, tana sanin mutane gida-gida.

Wannan sanin ne ya yi mata rana a 2018, sa'ad da cutar Nipah, wadda jemagu ke yaɗawa, ta ɓulla a Kozhikode ta kashe mutum 17, ciki har da ma'aikaciyar jinya Lini Puthussery da ta kamu wajen kula da marasa lafiya. Ministar ta tare a garin, ta saurari masana, ta sa aka bi sawun mutum sama da 2,000 da suka yi hulɗa da masu cutar. Saboda haka da labarin Wuhan ya fito, ta kafa ɗakin sa ido tun kafin mutum na farko ya kamu. Idan an samu mai cutar, sai hukuma ta fitar da taswirar zirga-zirgarsa: ƙarfe kaza yana shago kaza, ƙarfe kaza ya shiga mota kaza, domin duk wanda ya ratsa wurin ya kai kansa. An ajiye ruwa da sabulu a tashoshin mota, matan ƙungiyar Kudumbashree suna dafa abinci ana kai wa waɗanda aka killace. Duk wannan aikin tsara jama'a ne da fahimtar da su, kuma malamin kirki kullum shi yake yi.

Ba na cewa komai ya tafi mata daidai. Daga baya cutar ta yi wa Kerala yawa ƙwarai, 'yan adawa kuma sun soke ta. A 2021 ta ci mazaɓar Mattannur da ratar ƙuri'a sama da 60,000, amma jam'iyyarta ta sauya dukkan ministocinta, ta bar babban minista Pinarayi Vijayan kaɗai, ita kuma ta koma kujerarta ta 'yar majalisa ba tare da tayar da ƙura ba. A 2024 ta nemi majalisar tarayya daga Vadakara, ba ta samu ba. A zaɓen 2021 ɗin nan, mata 11 kacal suka shiga majalisar mai kujeru 140, abin da ke nuna ƙuncin ƙofar da ta bi.

Laifina biyu ne. Na farko, na yaɗa abin da ban tabbatar ba domin ya dace da ra'ayina. Na biyu ya fi nauyi: na auna ƙanwata da sana'arta, na rufe mata ƙofa alhali matan da suka san ta sun ga abin da ni ban gani ba. Ita ce take bin gidaje idan yaro ya daina zuwa makaranta, ita ta san gidan da babu abin kai mara lafiya asibiti. Na je har ɗakinta na ba ta haƙuri, amma haƙurin bai dawo da zaɓen da ya wuce ba.

Abin izina a nan shi ne, wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Idan 'ya ko ƙanwa ta ce za ta tsaya takara, a tambaye ta me ta sani game da mutanenta, me ta taɓa yi musu, wa ke bayanta. Waɗannan tambayoyi ne ya kamata in yi, su ne kuma nake yi wa kowane ɗan takara yanzu kafin in duba takardunsa.