Tsohuwa Bisa Kujera

 Yau ina so in ba ku labarin hoton wata tsohuwa. Ba da na'urar ɗaukar hoto aka yi shi ba. Da hannu aka zana shi, da fenti da burushi, bisa wani babban ƙyalle mai kauri. Ɗanta na cikinta ne ya zana ta, a birnin Landan na ƙasar Ingila, cikin shekara ta 1871. Sunansa Jems Wisla, Turawa suna rubuta shi Whistler. Mutumin Amurka ne, can aka haife shi a 1834. Sunan uwar Anna.

Na fara ganin hoton cikin wani littafi, lokacin da nake makarantar horon malamai. Tun daga nan nake son shi. Bari in faɗa muku abin da ke ciki, kamar kuna gani da idonku.

Tsohuwa ce zaune bisa kujera. Ba ta duban mai kallo. Ta fuskanci hagu, gefen fuskarta kawai ake gani. Ta sa doguwar baƙar riga har ƙasa. Bisa kanta akwai ƴar farar hula ta saƙa, mai igiyoyi da suka sauko bisa ƙirji. Hannuwanta suna bisa cinya, riƙe da ɗan farin ƙyalle. Ta ɗora ƙafafu bisa ɗan matashi. Bangon ɗakin launin toka ne. Gabanta akwai labule mai duhu, ga kuma wani ƙaramin hoto rataye ga bango. Shi ke nan. Babu ja, babu kore, babu zinariya ga wuya, babu dariya.

Hoton babba ne. Tsayinsa santimeta 144, faɗinsa santimeta 162. Wanda ya tsaya gabansa zai ga kamar ya shiga ɗaki ya iske mutum zaune.

To, wace ce wannan mata? An haife ta a Amurka a 1804. Mijinta injiniya ne, mai aikin hanyar jirgin ƙasa. Sarkin Rasha ya kira shi don aikin hanyar da ta haɗa birnin Sen Pitasbag da Mosko. Ta kwashi yara ta bi shi can, ƙasar sanyi, inda ba ta da dangi. Ta haifi ƴaƴa maza 5. Guda 3 sun rasu tun suna ƙanana. A 1849 ciwon kwalara, wato amai da zawo, ya kashe mijin. Ta koma Amurka da yara 2 da ɗan abin hannu kaɗan. Daga baya yaƙi ya ɓarke tsakanin arewa da kudancin Amurka, daga 1861 zuwa 1865. Cikin wannan yaƙi ta ƙetare teku, ta zo Landan wurin ɗanta.

Lokacin da aka zana ta tana da shekara 67. Shekara 22 ke nan da rasuwar mijinta. Wurin Turawa baƙar tufa alamar makoki ce. Ku sake duba rigar nan yanzu. Da farko baƙar riga kawai muka gani. Yanzu mun san abin da take faɗi.

An ce a ranar da aka fara aikin, wata yarinya ce ya kamata ta zo a zana ta, sai ba ta zo ba. Ɗan ya roƙi uwarsa ta tsaya madadinta. An ce da farko tsaye take. Amma zanen hannu ba aikin yini guda ba ne. Sai mutum ya daɗe wuri ɗaya ba motsi, yau da gobe da jibi. Ƙafafun tsohuwa suka gaji, aka kawo mata kujera. Ga yadda aka samu wannan zama da duniya ta sani.

Da ya gama, wane suna kuke tsammani ya ba hoton? Bai kira shi da sunan Anna ba. Ya ba shi suna mai ma'anar tsarin launin toka da baƙi. A ganinsa, mai zane kamar makaɗi yake. Makaɗi yana jera sauti, shi kuma yana jera launi. Ya ce shi kam ya san uwarsa ce, amma jama'a ba ruwansu da ko wace ce. Su dubi yadda baƙi ya zauna kusa da toka, da yadda ɗan fari ya haskaka fuska da hannu.

Jama'a ba su bi shi ba. Har yau, ko'ina cikin duniya, Uwar Wisla ake ce wa hoton.

Wa ke da gaskiya, mai zane ko jama'a? Na daɗe ina tunanin wannan. Ga abin da na gani. Mai zane ya yi gaskiya bisa batun tsari. Ku lura, fari kaɗan ne cikin hoton, kuma wuri biyu ya sa shi ga jikin uwar: kewayen fuska da wurin hannu. Don haka idon mai kallo can yake zuwa, ko ya so ko bai so ba. Wannan gwaninta ce. Amma jama'a ma sun yi gaskiya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Me ya sa ya kai idonmu ga fuskar nan da hannuwan nan? Don ya san su. Hannuwan da suka yi masa wanka ne. Su ne kuma suka rufe idon ƙannensa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi mata ƙarya ba. Yana da fenti kala-kala. Da ya so, da ya mai da ita yarinya. Da ya cika mata kumatu, ya sa mata murmushi da kayan ado. Bai yi ba. Ya bar ta da tsufanta, da siririn leɓe, da idon da ke duban nesa. Ni a wurina wannan girmamawa ce. Wanda ya ji kunyar tsufan uwarsa shi ke ɓoye shi. Wanda ya yarda cewa ta isa a dube ta yadda take, shi ke nuna ta haka.

Hoton bai samu karɓuwa nan da nan ba. A 1872 ya kai shi babban wurin nunin zane na Landan. Saura kaɗan manyan wurin su ƙi shi, don sun saba da hotuna masu ado da labari. Da ƙyar aka rataye shi. Bayan haka bashi ya kama Wisla, har ya karye a 1879. Hoton uwar ma sai da ya shiga jingina. Ita kuwa ta rasu a 1881, a Ingila.

Shekara 10 bayan rasuwarta, a 1891, gwamnatin Faransa ta sayi hoton faran 4000 na kuɗin wancan zamani. Wannan babbar daraja ce ga mai zanen da ba ɗan ƙasa ba. Anna ba ta ga wannan rana ba. Shi kuma ya rasu a 1903. Yanzu hoton yana birnin Pari, cikin gidan ajiyar zane da ake kira Orse, wanda aka buɗe a 1986.

Akwai sauran labari. Daga 1932 zuwa 1934 Faransa ta ba Amurka aron hoton. Lokacin talauci ne ƙwarai a can, mutane da yawa ba su da aiki. Aka zagaya da shi birni birni, jama'a suka yi ta tururuwa. Sun ga mace wadda ta sha wahala ba ta karye ba. A 1934 gidan waya na Amurka ya buga tambur da hoton, don girmama iyaye mata. Amma masu tambur sun ga kamar ɗakin ya yi fayau. Suka cire hoton da ke ga bango, suka ajiye tukunyar furanni gaban tsohuwar. Masu zane da yawa suka yi fushi.

Ina bayan masu fushin. Niyyar masu tambur mai kyau ce, amma sun ƙara abin da ɗan ya ƙi sawa da gangan. Furen yana cewa tsohuwar ita kaɗai ba ta isa ba, sai an yi mata ado. Alhali ɗakin da babu komai shi ke sa mu dube ta ita kanta.

Ƴan uwa, tsohuwa zaune ba abin mamaki ba ce. Babu gidan da ba ta. Mukan gaishe ta mu wuce, muna sauri. Mukan ce ba ta aikin komai. Mun manta tafiyar da ta yi kafin ta kai ga wannan zama: aure, haihuwa, rashi, yunwar wata shekara, ƙaura daga gari zuwa gari. Wisla ya zauna gaban uwarsa kwana da kwanaki yana dubanta. Shekara fiye da 150 ke nan, mutane suna tsayawa su dube ta tare da shi.

Ba kowa ke iya zane ba. Amma kowa na iya jawo tabarma ya zauna kusa da tsohuwar gidansu. Ya dubi fuskarta da hannuwanta. Ya tambaye ta inda ta fito da abin da ta gani, tun tana iya ba da amsa.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri. Sai wani jiƙon.