Ranar da na aiki ɗalibaina ƙirgar bishiyoyi

Makon jiya na shiga ajin SS1 da niyyar buɗe babin alaƙar halittu da muhallinsu, inda manhajar Bayoloji ke kawo maganar sarƙar abinci da yawan ire-iren halittu. Har na ɗauki alli zan rubuta ma'ana a allo su kwafa, kamar yadda na saba shekara da shekaru, sai na fasa. Na ce, "Yara, kowa ya ɗauko biro da takarda mu fita. Ku ƙirgo mini duk bishiyar da ke cikin makarantar nan, ku rubuta sunanta da Hausa."

Suka fita da ihu kamar an tashi tara. Da suka dawo muka haɗa lissafi a allo: bishiyoyi birjik, inuwa ko'ina, amma sunayen ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Bedi, bedi, bedi, sai mangwaro biyu a bayan ofis da 'yan turare a jikin katanga. Na ce musu duk ukun baƙi ne. Bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, da mangwaro daga yankin Indiya suka fito, turare kuma daga Ostireliya. Ajin ya yi tsit, don su a ganinsu tare da hasumiyar Gobarau ta garinmu Katsina aka halicci bedi.

Kada a ce na raina bedi. Duk wanda ya taɓa takawa a ƙasa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro a zafin Afrilu ya san abin da inuwarsa ta yi wa garin nan. Yana jure fari, yana girma da sauri, shi ya sa masu dashen itatuwa don tare hamada suka rungume shi. Sai dai gari yana iya yin kore shar alhali iri ɗaya ne ya cika shi, kuma abin da nake so yaran su gane ke nan da idonsu kafin in ba su sunansa na littafi.

Na ce to, su kawo mini sunayen bishiyoyinmu na asali. Aka ce kuka, aka ce tsamiya, aka ce goruba, duk abubuwan da suka sani ta hanyar baki. Wata yarinya ta ce, "Malam, ni garin kuka na sani, ban taɓa tsayawa a gindinta ba." Na yaba mata da faɗin gaskiya. Dukansu sun iya karin maganar nan ta yaro ko ya hau rimi, amma da na ce wa zai kwatanta mini rimi, kowa ya sunkuyar da kai.

Can daga bayan aji wani yaro ya ɗaga hannu. Bai cika magana ba, Turancinsa bai nuna ba, 'yan ajin har tsokanarsa suke da baƙauye. Iyayensa daga wajen Batsari suka taso saboda rashin tsaro. Ya fara jerowa: gawo, marke, kanya, aduwa, magarya, kurna, ɗinya, ɗorawa, kaɗanya, bagaruwa, kalgo, sabara, giginya. Alli ya kusa ƙare mini. Na ce ya zaɓi ɗaya ya yi mana bayani, ya zaɓi gawo.

Ya ce babansa ko da wasa ba ya barin a sare gawo a gona, domin geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kauri da zangarniya. Ya ce gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan uwanta: da damina, lokacin da kowa ke tsiro, shi yake kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya tare wa shuka rana. Da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki a wurin. Abin da na ƙara kaɗan ne: a saiwar gawo akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu kama sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin ƙasa, irin aikin da ake yi a saiwar wake da gyaɗa. Bishiya, ƙwayoyin halitta, akuya, gero, mutum. Babin da nake shafe mako biyu ina koyarwa, yaron nan ya gama shi a minti biyar, da Hausa, kuma babu wanda ya yi hamma.

Daga nan hira ta yi daɗi. Na tambaye su wa ke son daddawa a miya, hannuwa suka tashi. Na ce wa ke son jemage, aka yi tsaki. Na gaya musu furen ɗorawa da na kuka da dare suke buɗewa, kuma jemage na cikin manyan masu ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan har a samu 'ya'ya. Mai danƙon da ke harbin jemage bai san da tukunyar gidansu yake faɗa ba.

Sai maganar ungulu. Mu da muka tashi a garin nan mun san yadda suke jeruwa a kan rufin mahauta da bakin kasuwa, har ake cewa ungulu ba ta jewar banza. Yawancin ɗalibaina a hoto kawai suka san ta. A 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a garuruwanmu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma a Najeriya cinikin sassan jikinta don magani da tsubbu na cikin abin da ya cinye ta. Wani ya ce, "To Malam, ai ƙazama ce, mene ne asara?" Na ba shi labarin Indiya. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, saboda wani maganin ciwo mai suna diclofenac da ake ba shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulu in ta ci mushen. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan banza suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

Raina ya so in kwashe su a mota mu je su ga daji na sosai. Dajin Rugu na nan a jiharmu, amma wane uba zai sa hannu a kai ɗansa can a halin da ake ciki? Wannan ma wata asara ce da ba a cika lissafawa ba. Don haka na ba su labarin maƙwabtanmu na bayan Jibiya. A yankin Maraɗi, daga 1983, manoma tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo suka fara abin da ake kira sassaben zamani: in kututturen bishiya ya yi toho a gona, ba a sare shi duka, ana zaɓar 'yan rassa masu ƙarfi a bar su su girma. Ba gandun reno, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa bishiyoyi wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Yaran ba su yarda cewa Hausawa irinsu ne suka yi wannan ba sai da na maimaita.

Na san WAEC da NECO ba za su tambayi kowa bambancin kanya da kaɗanya ba, kuma zan koya musu ma'anonin da Turanci su haddace don su ci jarrabawa. Amma na gaji da yaye ɗalibin da zai zana sarƙar abinci da zomo da zaki, alhali bai san balbela na bin shanu ne don farar da ƙafafunsu ke tayarwa ba, bai san zuwan shamuwa na nufin a gyara gona ba.

Aikin gida da na ba su shi ne kowa ya zauna da kakarsa ko wani dattijon unguwa, ya rubuto sunayen itatuwa da tsuntsaye goma da a da ake gani a Katsina, da amfanin kowanne. Yaron Batsari kuma ya kawo mana 'ya'yan gawo cike da aljihu. Ya ce sai an jiƙa su a ruwan zafi kafin su tsiro, in ba haka ba sai dai su bi ta cikin akuya. Mun jiƙa, mun shuka a ledojin fiya wata, mun jera su a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ke da tsohuwar waya ta shinge da ba ya amfani da ita ya taimaka mana, don awakin unguwa sun riga sun fara leƙe.