Likitan bisashe

Ɗan'uwa mai karatu, ka san bushiya? Ba bushiyar daji mai ƙaya nake nufi ba. Ciwon shanu ne. In kai yaro ne, ba ka taɓa ganinsa ba. Amma tambayi tsofaffin makiyaya a kasuwar Belbeji ko ta Tanut, Fulani da Buzaye. Saniya ta yi zazzaɓi, ido da hanci suna ta zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, sai gudawa. Kwana kaɗan ta faɗi. Mai garke ya koma gida da sanda kawai a hannu.

To, ina bushiya ta tafi? Ma'aikatan gwamnati ne suka kore ta.

A shekarar 1962, Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka haɗa kai, aka shiga yi wa shanu allura. Likitan bisashe bai zauna a ofis ba. Inda rijiya take, nan yake zuwa, don nan shanu suke taruwa. Maganin kuma ba ya son zafi, sai an riƙe shi cikin ƙanƙara. Ka dai san ranar Damargu! Duk saniyar da aka yi wa allura, sai a sa mata alama a kunne. Wani makiyayi ya yarda. Wani ya gudu da garkensa, yana tsammani ƙidayar haraji ce. Sai an bi shi da lallashi.

Wajen 1983 ciwon ya sake tasowa, ya kashe shanu da yawa a ƙasashenmu. Aka koma daji da allura. A 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya duka. Kafin ita, ciwo ɗaya ne tak aka taɓa gamawa da shi haka, wato agana.

Ni abin da ke damuna, ba mu san sunayen mutanen nan ba. Wanda ya gina rijiya, ana ganin rijiyarsa. Wanda ya hana ciwo zuwa, me zai nuna? Ga shi a shekarun 1990 ma'aikatan Nijar sun yi wata da watanni ba albashi. I, akwai malalata a cikinsu, ban musa ba. Amma ba malalaci ne ya bi shanu har arewacin Belbeji ba.

Har yanzu suna zuwa, don ciwon huhu na shanu da ciwon awaki da tumaki. Ran da ka ji motarsu ta tsaya bakin rijiya, fito da bisashenka da wuri. Ka ce musu sannu da aiki, ka miƙa musu ƙwaryar fura.