Liyarin Kakarmu da Jelar Gaggafa

Da aka yi sadakar arba'in ta kakarmu a Aboabo, sai aka buɗe adakarta, aka tarar da liyari bakwai ƙulle cikin tsumma, tare da 'yan sulalla masu hoton bishiyar kwakwa. Tun muna yara ake gaya mana cewa mahaifinta ne ya zo da liyaran nan daga Kano ta hanyar Salaga, zamanin fataucin goro. Kowane na ɗauke da shekarar 1780. Nan take wani ƙanen babanmu ya ce kuɗin da ya haura shekara 200 ai dukiya ce, a sayar a raba. Gwaggonmu kuwa ta ce ko kusa.

Mu da muka daɗe muna tara tsofaffin kuɗi, aka ce mu duba. To, jama'a, shekarar nan ba ta nuna tsufa. A 1780 ne Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya ta rasu, amma da yake fatake daga Habasha har ƙasar Hausa sun saba da fuskarta, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara. Har gobe ana buga shi a Biyana. Nauyinsa giram 28 da ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000.

Abin da ke tona asiri shi ne hatimin ƙarfen da aka buga shi da shi, domin gidajen buga kuɗi da dama sun sassaƙa nasu, kuma hannu ba ya zama ɗaya. Muka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, muka ɗauko tabarau mai ƙara girma. Haruffan S.F. na ƙarƙashin hoton duk suna nan. Muka juya bayan, inda gaggafa mai kai biyu take, muka shiga ƙirga gashin jelarta. A nan aikin yake. Bugun Biyana gashi uku ne a tsakiya, da ɗaya-ɗaya a gefe. Na Landan, wanda aka fara a 1936 bayan Italiya ta karɓi izinin bugawa saboda yaƙinta da Habasha, biyu ne a tsakiya. Ɗaya daga cikin namu ya sha wuyan mata har jelar ta shafe, ga kuma marataya da maƙeri ya liƙa masa. Huɗu masu uku ne. Biyu kuwa, duk yadda muka karkata su a rana, biyu muke gani.

Mahaifin kakarmu ya rasu tun kafin 1936. Ke nan waɗannan biyun ba a jakarsa suka zo ba.

Sulallan ba su ba mu wahala ba: na 1913 ne, wasu da ɗan harafin H, alamar gidan Heaton na Bamingam.

Mun yi kwana biyu muna shawarar ko mu faɗa. Daga bisani muka sami Gwaggo bayan la'asar.

"Gwaggo, biyun nan fa ba na Kano ba ne."

Ta karɓa, ta jujjuya su, ta yi shiru.

"Wa ya ce maku duka nasa ne? Waɗannan da kuɗin kokonta ta saye su, shekarar da aka haife ni."

Ta mayar da su cikin tsumman, ta ce mu kira mata ƙanen nata.