Saura ƙiris kalma ɗaya ta ja mini kari-oba

'Yan uwa masu karatun kwamfuta a nan Kudu, ku zo ku ji abin da ya same ni ranar Talata, ko wani ya tsira.

Lakcaranmu ya ba mu aiki mai maki 20: manhaja da C, mai zare huɗu, wato ayyuka huɗu na tafiya lokaci guda, da laburaren pthread. Kwana uku ina kanta. A laftof ɗina tana gudu lafiya lau, har na kwanta ina jin ni ne oga.

Ranar gwaji aka ce kowa ya harhaɗa tasa a kwamfutar lab, gaban malam. Na buga gcc, sai ga wannan: undefined reference to pthread_create. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa. Ga pthread.h nan a saman fayil, to me kuma ake nema?

Kun san halinmu. Ni kaɗai ne ɗan Arewa a layin, ba na so in yi tambaya a ce aboki ya kasa. Na yi shiru ina zufa. Na tuna da -lpthread, na sa shi kafin sunan fayil ɗina. Bai ko gezau ba. Sai wata 'yar ajinmu ta leƙo, ta ce in cire shi in sa -pthread. Nan take ta tashi.

Da dare na zauna na bi diddigi. Ashe pthread.h suna da siffar aikin kawai yake ba mai fassara, kamar a faɗa maka sunan mutum ba a kwatanta maka gidansa ba. Linka ce ke nemo gidan, kuma daga hagu zuwa dama take karantawa. Laburaren da ta tarar kafin a nemi wani abu a cikinsa, wucewa take yi.

Abin da ya fi ba ni haushi, laftof ɗina ne ya rufe ni. Ubuntu 22.04 ke kansa, kuma tun glibc 2.34, a 2021, aka zuba pthread cikin babban laburaren C, ko ba ka ambata ba zai haɗu. Na lab kuwa 20.04 ne, mai glibc 2.31.

Malam ya zaftare mini maki uku na ɓata lokaci. Ita kuma baiwar Allah, har yau ban san cikakken sunanta ba. Gobe zan tambaya.