Tsoffin silalla a kasuwar Birnin Lalle

Ƴan uwa mata, in kin ci kasuwar Birnin Lalle, nan kusa da Dakoro, ki kula da adon tsofaffi da na matan Fulani. Wani lokaci za ki hangi babbar dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya.

Masu neman tsoffin kuɗi na taya irinta, kuma ba kowane tayi ne na Allah da Annabi ba. Shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, an yi ta buga sabbi da wannan shekarar. Nauyinta giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa. In ta gado ce gare ki, kai wa maƙerin azurfa ya auna kafin ki ce sallama.

Injin ƙirga na banki ba ruwansa da tarihi. Faɗi, kauri da irin ƙarfe yake dubawa, abin da bai dace da sefa ba ya tofar gefe. To ranar buɗe akwatin asusu mu ware kwabo mai huji da sauran baƙin silalla tun a tabarma. Amma dala hamsin ɗin nan da masu tebur ke ƙi, kuɗi ce, a ƙirga da ita.