Dutsen Kamaru: abin da za ka zuba a jaka kafin ka bar Buea

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Duwala zuwa Buea da sassafe a watan Disamba ko Janairu ya san yadda dutsen nan ke bayyana. Kana wuce gonakin ayaba da na roba na wajen Tiko, ka kai Mutengene mota ta fara hawa, sai ka ga wani baƙin abu ya tare rabin sama. Kafin rana ta ɗaga gajimare ya rufe shi ruf, kamar babu shi. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sun shekara goma suna kai kaya Buea da Limbe a gindinsa, ba su taɓa tunanin hawansa ba. Amma yaranmu da ke karatu a jami'ar Buea, da samarin da ke tsaron shago a Duwala, sun fara sha'awar abin. Ba laifi ba ne. Matsalar ita ce yawancinsu suna shirya jaka kamar masu zuwa biki a Garwa.

Dutsen Kamaru, wanda mutanen wurin ke kira Fako, tsayinsa ya kai mita 4,040, wasu tsofaffin taswirori ma 4,095 suke rubutawa. Daga Senegal har Kamaru babu dutsen da ya kamo ƙafarsa. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Garin Jos da muke kuka da sanyinsa bai wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. Kuma shi wannan dutse daga bakin teku ya miƙe. Ƙa'idar da masana yanayi suka sani ita ce, duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri shida zuwa shida da rabi. To yi lissafi da kanka. Ka bar Duwala ana digiri 30 kana gumi, ka kai ƙololuwa da asuba sanyi na dab da daskarar da ruwa, ga iska mai kaɗawa babu bishiya ko ɗaya da za ta tare maka ita. Cikin kwana biyu za ka ratsa yanayi uku, kuma jaka ɗaya ce za ta ɗauki kayan dukkansu.

Hanyar da aka fi bi tana tashi ne daga Upper Farms a saman garin Buea. Ita ce hanyar da 'yan tseren nan na shekara-shekara ke bi, tseren da aka fara a 1973, wanda yanzu ake kira Race of Hope. Da farko kurmi ne mai duhu da laima, har ka kai bukka ta farko a kusan mita 1,850. A nan zufa ce za ta dame ka. Kana fita daga kurmi sai ciyawa da tudu mai tsananin miƙewa, rana a ka, har bukka ta biyu a wajen mita 2,850, inda galibi ake kwana. Daga nan sai baƙin dutse da toka da tsakuwar aman wuta, a wuce bukka ta uku, a kai ƙololuwa.

Abu na farko da zan ce, kuma na san ba zai yi wa masu sayar da yadi daɗi ba, shi ne a bar auduga a gida. Shadda, atamfa, singileti, wandon jins, duk auduga ne, kuma halin auduga shi ne ta sha ruwa ta riƙe. Ka hau kurmi ka jiƙe sharkaf da gumi, ka fito fili iska ta buge ka, rigar nan da ke manne a bayanka ita ce za ta riƙa zuƙe ɗumin jikinka. Sanyin hunturu da muka sani a Kano ko Zinder busasshe ne, ka yafa bargo ka zauna gaban wuta shi ke nan. Na dutsen nan jiƙaƙƙe ne. Jiƙa da iska in suka haɗu suna iya sa mutum makyarkyata har ya rikice, ya kasa magana daidai, ya ce shi barci kawai yake so. Wanda ya kai wannan hali yana cikin haɗari na gaske.

Abin da ya kamata ya taɓa fata shi ne rigar roba mai saurin bushewa. Ba sai ka nemi wata mai tsada ba, jesin 'yan ƙwallo da ke rataye a kowane shago ya isa, in ka samu mai dogon hannu ya fi. Ka ɗauki biyu: ɗaya ta tafiya, ɗaya busasshiya da za ka sa da zarar an sauka a bukka. A kanta sai suwaita ta ulu ko irin mai laushin nan kamar bargon jarirai. A kan wannan sai jibgegiyar rigar sanyi, wadda ba za ka sa ba sai dare da kuma asubar hawa ƙololuwa. Can waje kuma rigar ruwa mai hula, wadda ke tare ruwa da iska gaba ɗaya. Hikimar ita ce riguna da yawa marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin kana iya cirewa kana ƙarawa yadda hanya ta sauya. Mai riga ɗaya jibgegiya zaɓi biyu gare shi, ko ya dahu ko ya daskare.

Rigar ruwan nan kada a ce ai rani ne. Lokacin hawa mafi kyau daga Nuwamba ne zuwa wajen Maris, amma wannan dutse ne da ƙauyen Debundscha ke gindinsa ta yamma, inda ruwan sama ke kai kusan milimita 10,000 a shekara, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Ko ba a yi ruwa ba, hazon gajimare kaɗai ya isa ya jiƙa mutum.

Ina za a samu waɗannan kaya? A nan ne mu 'yan kasuwa muka fi Turawan da ke zuwa da kayan dubban ɗaruruwan sefa sa'a. Dilar gwanjo da ke sauka a tashar jirgin ruwan Duwala daga ƙasashen sanyi take zuwa, cike da rigunan sanyi da babu mai saye a garin da ake fama da zafi. Ka shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Nkoulouloun, ko kasuwar Muea in kana Buea, ka tona. Ka duba zif ya yi aiki, ka karanta ɗan ƙyallen da ke wuyan riga ka tabbatar ba auduga ba ce. Rigar ruwa kuwa ka zuba mata ruwan leda a kafaɗa ka gani ko zai ratsa. Mai kaya zai harare ka, amma kai ma haka ake yi maka a shagonka.

Takalmi shi ne inda ba a ciniki da rai. Tsakuwar aman wuta kaifi gare ta kamar fasasshiyar kwalba, tana cin tafin takalmi, kuma tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Za ka ga 'yan tsere da wasu 'yan dako na Bakweri suna gudu a kanta da takalmin roba, kada wannan ya ruɗe ka. Su a nan aka haife su. Sarah Etonge, wadda ake wa laƙabi da sarauniyar dutsen, sau bakwai tana cin tseren mata, kai kuwa jiya ka sauko daga kan benci a shago. Ka nemi takalmi mai kaurin tafi da ke riƙe idon sawu, ya ɗan fi ƙafarka girma kaɗan saboda safa mai kauri. Kuma kada ranar hawa ta zama ranar da ka fara sa shi. Ka yi sati biyu kana zuwa kasuwa da shi, in zai yi maka bororo ya yi tun kana kusa da gida. Safa ƙafa uku, ba ta auduga ba. Hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu, da rawani ko mayafin da za ka naɗe wuya da hanci. Rawanin nan namu yana aiki sosai a can sama, yana tare ƙura da iska da rana.

Ga 'yan'uwa mata, zani ba zai yi ba a wannan hanya, domin akwai wuraren da sai an ɗaga ƙafa sosai, wani wurin har da dafa ƙasa. Wando mai kauri da doguwar riga zuwa gwiwa a kai sun wadatar da sutura. Dogon hijabi iska na cika shi kamar lema tana jan mutum, kuma yana maƙalewa a ƙaya. Gajere mai kauri da za a cusa cikin rigar sanyi ya fi, ga shi kuma yana ɗumama kunne.

Sai ruwan sha, wanda shi ne kaya mafi nauyi. Abin mamaki ne a ce dutsen da ruwan sama ke dukansa haka ba shi da ruwa a samansa, amma haka abin yake, domin dutsen aman wuta kamar soso ne, ruwa na sauka yana nutsewa. Bayan bukka ta farko kada ka sa ran samun rafi a wannan hanya. Ka lissafa aƙalla lita uku a rana don sha kawai, ban da girki. Kowace lita kilo ɗaya ce. Maganar alwala ma sai a yi tunaninta tun a ƙasa, a tambayi malami hukuncin taimama da shafa a kan safa kafin a tashi, kada a je can ana gardama da baki na rawa. Guzuri kuwa namu ya fi na kanti dacewa: dabino, kilishi, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, garin kwaki da sukari. Ba su da nauyi, ba sa lalacewa. Filas ɗin shayi mai citta da asuba a bukka ta biyu, wallahi ba a kwatanta shi da komai.

Na kwanciya akwai buhun barci, wato bargon nan mai zif da mutum ke shigewa ciki, da 'yar katifar soso ta shimfiɗawa, don sanyin ƙasa ya fi na iska shiga ƙashi. Ana samun hayarsu wurin masu shirya tafiyar a Buea. Tocila ta ɗaurawa a goshi da batir na ƙari, domin ana barin bukka tun da duhu kuma hannu biyu na da aiki. Sanyi na shanye cajin waya, saboda haka a kwana da ita cikin aljihu. Tabarau mai duhu, man kaɗe don leɓe, filasta, farasitamol. Komai a ƙulle shi cikin leda kafin ya shiga jaka. Jakar kuma ta goyo ce mai maɗauri a ƙugu. Bakko ko akwati mai taya, a bar su a masauki.

Akwai abin da babu rigar da ke maganinsa. A mita 4,000, iskar da kake shaƙa a kowane numfashi ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 na wadda ka saba da ita a bakin teku ba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin barci, duk suna iya zuwa, kuma ba ruwansu da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. Hawan Fako na da saurin miƙewa, mutum na tashi daga mita dubu zuwa kusan dubu uku a yini guda, shi ya sa abin ke kama mutane. In ciwon kai ya ƙi jin magani, ko aka fara amai, ko tafiya ta zama tangaɗi, ko numfashi ya ƙi daidaita alhali ana zaune, to a juya ƙasa nan take, ko da ana hango ƙololuwa. Mai hawan jini ko asma ko ciwon zuciya ko sikila ya ga likita tukuna. Wanda ke da hali ya zaɓi tafiyar kwana uku ko huɗu, wadda ke saukowa ta wajen ramukan aman wutar 1999 da maɓuɓɓugar Mann's Spring. Aman wutar shekarar ne ya gangaro har ya tare hanyar mota a Bakingili, yamma da Limbe, baƙin tudunsa na nan har yau.

Tun 2009 dutsen ya zama gandun da gwamnati ke karewa, ba a shiga sai da izini da ɗan jagora. Ka ɗauki ɗan dako kuma, kada ka ce kai ɗan kasuwa ne ka saba da kaya. Ka biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja irin ta kasuwa ba, ka duba ko shi ma yana da rigar sanyi. Sannan kowa ya san halin da yankin Kudu maso Yamma ke ciki tun rikicin da ya taso a 2016. Ka tambayi 'yan'uwa mazauna Buea yadda gari yake a satin da za ka je, ka guji tafiya ranar Litinin da ake zaman gida, katin shaida kuma ya kasance a jikinka cikin leda.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Ka yanke farcen ƙafa kafin ka tashi, in ba haka ba yatsu za su yi ta dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya fita. Sanda tana rage wa gwiwa nauyi sosai. Rigunan da ka jibga da asuba za ka riƙa tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, don haka ka bar musu wuri a jaka, tare da ledar da za ka kwaso sharar da ka tara. A masaukinka na Buea kuma ka ajiye kaya masu tsabta da silifas, domin ƙafar da ta sauko daga Fako ba ta son ganin takalmi sai bayan kwana biyu.